Bazara a Gidan Hunturu

Lahadi, 20 ga Yuli, da yamma

Madam tana nan har yanzu. Na rubuta ne don in gani da idona, domin tun da kakanta ya gina Villa Lucinda ba a taɓa samun wani ɗan gidansu ya kwana a cikinsa a watan Yuli ba. Ƙa'idarsu ke nan: su sauka nan Menton, a gaɓar tekun Faransa, a farkon Nuwamba, sanyin Ingila na biye da su, su tattara su koma ranar ɗaya ga Mayu. Sai mu lulluɓe kujeru da fararen zannuwa, mu naɗe dardumai, mu kulle saman bene, gida ya yi barcinsa. Haka kakata ta yi, haka mahaifiyata ta yi, haka ni da mijina Honoré muka yi shekara da shekaru.

Bana ma na fito da zannuwan na goge, na jera mata akwatuna a bakin matakala. Ta leƙo ta dube su, ta ce, "Mayar da su, Fortunée." Ban tambaya ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Shekarunta tamanin da huɗu, zafin bana kuma ba irin wanda muka saba ba ne. Yau a ƙofar coci Dakta Gastaud ya tare ni ya ce in ba ta sauko daga saman nan ba, ba ya jin za ta ga watan Satumba. Ya faɗa yana gyara hularsa, kamar mai ba ni labarin kifi ya yi tsada. Na dawo gida ban iya cin abinci ba.

Talata, 22 ga Yuli, da hantsi

Tounin, ƙanin Honoré, ya kawo mini ɓaure daga gonarsa. Ya tsaya a lambu ya ɗaga kai yana kallon bene, hannu a kan goshi.

"Matar yaya, har yanzu ba ta nuna ba?"

"Wa?"

"Burodin da kuka sa a tanderu mana."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi, Tounin. Ajiye kwandon ka kama gabanka."

Ya tafi yana dariya. Abin haushi shi ne ba ƙarya ya yi ba. Tarkon rana aka gina, da gangan. Mista Wray, kakan Madam, ɗan kasuwar ulu ne, matarsa Lucinda kuma tarin fuka ya kama ta tana da ƙuruciyarta. Likitocin zamanin suka ce maganinta rana da iskar teku. Sai ya sayi wannan gangaren, ya ɗauko magina daga ƙetaren iyaka, 'yan Italiya, ya ce su yi masa gida dogo siriri, ɗakuna a jere layi ɗaya, kowane ɗaki na fuskantar kudu da teku. Bayan gidan ya jingina da dutse, dutsen ya tare iskar arewa, ya sha zafi da rana, ya amayar da shi da yamma. Saman bene kuma aka bi gabansa da baranda ta gilashi daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Sannan ya hana a sa ƙyauren katako a tagogin kudu. A garin nan ko akurkin kaji yana da ƙyaure a taga. Kakata ta ce babban magini har ya riga ya kafa ƙugiyoyin ƙarfe, Mista Wray ya zo ya ce bai ƙetaro ƙasashe da matarsa don ya rufe mata rana ba. Ƙugiyoyin suna nan har gobe, sun yi tsatsa, ba su taɓa riƙe komai ba.

A watan Janairu babu gida irinsa a duk gaɓar nan. Ina ƙaunarsa, kada a ce ban faɗa ba. Amma ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake a Yuli, sai mu da muke ƙasa, mu kuma ba ma hawa.

Laraba, 23 ga Yuli, da rana

Ta buga ƙararrawa, na hau da tire. Na iske ta buɗe tagogi duka, ta zuge labule, tana zaune a baranda cikin rigarta mai dogon hannu. Iskar da ke shigowa kamar daga bakin murhu.

"Madam, mu nan da safe muke rufewa, da yamma mu buɗe."

"A gidan nan da safe ake buɗewa."

"Wannan ai dokar hunturu ce."

"Kakata ba ta rubuta mata wata ba, Fortunée."

"Don ba ta taɓa ganin Yuli a nan ba."

Ta yi mini kallon hadarin kaji ta saman tabarau. Tun ina 'yar goye ta san ni, ta ga an yi mini baftisma, ta ga aurena, saboda haka har yau in ta yi mini wannan kallon sai in ji kamar na fasa faranti. Tulun ruwan da na ajiye mata jiya yana nan yadda yake. Shayi kaɗai take sha, kofi ɗaya da safe, ɗaya da yamma.

Ina tsaye waya ta yi ƙara a falo. Ta ci gaba da kallon teku har ta gaji ta daina.

Alhamis, da yamma

Babu iska. Waya ta yi ƙara, ba ta ɗauka ba.

Asabar, 26 ga Yuli, da rana

Dakta ya hau, ya sauko yana share wuya da hankici. Ya zauna a kicin na ba shi ruwan lemun tsami.

"Ta kore ni cikin ladabi," ya ce. "Na ce asibiti, ta ce ba ta da ciwo. Na ce otal mai na'urar sanyi, ta ce tana da gida. Fortunée, akwai wuri mai sanyi a gidan nan?"

"Nan kicin."

"Ba za ta kwana kan tebur ba." Ya nuna ƙofar da ke ƙarshen lungu. "Wancan fa?"

"Ɗakin kaya ne."

Ya dube ni. Shi da ya yi ta shiga yana fita ta ƙofar nan duk watan Fabrairu, shi da ya fito ta cikinta ranar da Honoré ya cika ya riƙe mini hannu. Ya shanye ruwansa.

Ɓangarenmu yana bayan gida, rabinsa a cikin dutse aka sassaƙa shi. Taga ɗaya, ƙarama, tana kallon arewa. Bango kullum da danshi. Mista Wray ya ga nan ne mafi muni a gidan, shi ya sa ya bar wa 'yan aiki. Yau ga shi nan kaɗai mutum zai iya numfashi. Ni dai a benci nake kwana a kicin, kuma ya ishe ni.

Litinin, 28 ga Yuli, da yamma

Na faɗa mata. Ban ce wane ɗaki ba, na dai ce ƙasa akwai sanyi, ta sauko ko na 'yan kwanaki.

"Ban taɓa shiga ɓangarenku ba," ta ce.

"Na sani."

"Ba raini ba ne, kin sani. Ina 'yar shekara shida na bi matakalar cikin bango zan je wurin kakarki in roƙi alewa. Kakana ya kamo ni ya ce, mun ɗauke rana duka mun bar musu inuwa, to inuwar tasu ce, ba a shiga musu. Ban sake ba."

"Ni ce na gayyace ki yanzu."

"Na gode. A'a."

Na sauko da tire ta matakalarmu, wadda ke murɗe a cikin bango, ƙofarta an liƙe ta da takarda irin ta bangon don kada baƙo ya san tana nan. Ina saukowa na ji wani sanyi a raina. Daɗi na ji da ta ƙi. Na ajiye tiren na zauna ina jin kunyar kaina.

Laraba, 30 ga Yuli, da hantsi

Tounin ya zo da tsani da asabari guda shida. Ya ce tunda ƙugiyoyi na nan, yau za su ci abincinsu. Ya hau ya rataya uku kafin Madam ta leƙo.

"Wane ɓarawo ne wannan?"

"Ni ne, Madam. Rana kawai na zo sata."

"Tounin Viale, kai ne ka fasa mini gilashin baranda da ƙwallo kana yaro."

"Yau na zo biya, Madam."

"Ka rufe zanen."

Zanen da take nufi shi ne wanda ke ƙarƙashin rufi, lemuka da tsattsewa a kan shuɗi, ya zagaye gidan. Wani mai fenti daga Genoa ya yi shi, kuma an ce Lucinda da kanta ta zaɓi tsuntsayen, don suna zuwa suna komawa. Tounin ya ce daga ciki ai ba a ganin zane. Ta ce ita ta san yana nan, kuma wannan ya isa. Suka yi ta yi, shi a kan tsani, ita a taga, har na ga kumatunta sun yi ja, na ji muryarta ta dawo irin ta da. Daga ƙarshe ya sauke biyu, ya yi kamar ya manta da na ɗakin kwananta.

Bai kai ƙofar lambu ba muka ji fam. Ta sa almakashi ta datse igiyar.

"Kai," in ji Tounin, "wannan tsohuwa ko mutuwa sai ta nemi izini kafin ta hau bene."

Na yi dariya, daga baya na ji ba daɗi.

Juma'a, 1 ga Agusta

Waya.

Lahadi, 3 ga Agusta, da yamma

Ban je coci ba, ban so in bar ta. Lemuka suna faɗowa ɗanyu daga itace. Gyare ma sun yi shiru da tsakar rana. Teku ya kwanta fari fat, ba ya motsi.

Ta buga, na hau, sai ta ce ba abin da take so, in zauna. Na zauna a bakin kujera. Ta yi ta ba ni labaran da na sani. Girgizar ƙasar da aka yi gidan na sabo, wadda ta tsaga bangon falo, kakanta ya sa aka bi tsagar da zanen reshen zaitun maimakon a liƙe. Sojojin Italiya da suka zauna a nan lokacin yaƙi suka kafa wa doki turke a ɗakin cin abinci, har yau ga sawun kofato a kan tayil. Babbar matakala, wadda aka yi ta da faɗi, takunta gajeru, don mutum biyu su iya ɗauko Lucinda a kujera ba tare da ta jijjiga ba.

"Ba a taɓa yin matakala mai daɗin zamiya irinta ba," ta ce. "Kin tuna ranar da yaron nan ya hau kan tire ya..."

Ta tsaya. Na tuna mana, yaron gidansu ne. Ni na ɗaure masa gwiwa. Tun watan Afrilu ba ta kama sunansa ba, ni ma ban kama ba. Hotonsa da ke kan fiyano yana nan, amma an juya shi yana kallon bango, kuma in na zo shara ina goge shi in mayar yadda na same shi.

Ta ce, "Jeki, Fortunée, na gaji." Ruwan tulu bai ragu ba.

Talata, 5 ga Agusta, da rana

Rediyo ta ce tsofaffi suna ta mutuwa a Paris, a ɗakunan saman bene, ba wanda ya sani sai maƙwabta sun ji wari. Na kashe. An binne Madam Biancheri ta tsohon gari yau da safe, da sassafe, don masu ɗauka kada su faɗi.

Alhamis, 7 ga Agusta, da yamma

Leɓɓanta sun tsage. Hannunta na rawa in ta ɗaga kofi. Na tsoma tawul a ruwa na kai mata, ta karɓa ta ninke ta ajiye kan tebur kamar kyautar da ba a so.

Na ce, "Madam, gidan nan zai kashe ki."

"A ɗakin nan Lucinda ta rasu," ta ce. "Tana kallon wancan jirgin ruwa, ko irinsa. Ba mummunan ɗaki ba ne."

Ta faɗa a hankali, ba fushi, ba kuka. A nan na gane. Duk kwanakin nan ina zaton taurin kai ne irin na tsofaffi, doka da kaka da zane. Ashe jira take yi. Ba za ta yi wa kanta komai ba, ba a yin haka a gidansu. Za ta dai zauna a rana, ta bar gidan ya yi aikinsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kwashe kayan shayi da ƙarfi har cokali ya faɗi, ban ɗauka ba. Honoré ya yi ta roƙon kwana ɗaya tak ya ga lemukansa sun nuna, ba a ba shi ba, ita kuma an ba ta tana zubarwa ta taga.

Juma'a, 8 ga Agusta, da safe

Na buɗe ɗakinmu.

Hular Honoré tana kan ƙusa. Takalmin lambu a ƙarƙashin gado, da ƙasa a jikinsa. Sanyi kamar cikin randa. Na canza zanen gado, na share, na bar ƙofar a buɗe. Ban taɓa hular ba.

Ban faɗa wa kowa ba.

Asabar, da yamma

Na sake roƙonta. A'a. Waya sau biyu.

Litinin, 11 ga Agusta, da yamma

Zan rubuta yadda aka yi.

A lungunmu akwai allo mai ƙananan ƙararrawa a jere, kowace da sunan ɗakinta a ƙasa. Ba ma hawa sai an buga. Kakata ta koya wa mahaifiyata, ita kuma ta koya mini da mari: ba a buga ba, ba a nemanki. A rayuwata ban taɓa taka benen nan ba tare da ƙararrawa ba in suna gida.

Yau da safe ba ta buga ba. Na haɗa tire na ajiye. Shayi ya huce, na sake dafawa. Na ce ko ta samu barci ne, tunda dare babu barci. Na zauna gaban allon ina kallonsa. Rana ta yi sama. Na tashi na je gindin matakala, na sa ƙafa ɗaya, na dawo. Ni da na san abin da Dakta ya faɗa, ni da na ji abin da ta ce ranar Alhamis, ina zaune ina jiran ƙarfe ya ba ni izini.

Haka Tounin ya same ni.

"Matar yaya, me kike kallo?"

"Ba ta buga ba."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya da yamma."

"Ke! Kanki ɗaya kuwa? Wanda ya suma yana buga ƙararrawa ne?"

Ya ture ni ya haye, na bi shi. Mun same ta a ƙasa a baranda, tsakanin kujera da gilashi, rana na dukanta. Jikinta zafi rau, a bushe, babu ko ɗigon gumi. Idonta a buɗe, tana magana da Ingilishi da wani wanda ba ya nan. Igiyar ƙararrawa tana can bango, ba ta kai ba.

Muka ja ta inuwa, na yi ta zuba mata ruwan tulu a wuya da hannaye. Tounin ya kira Dakta. Da ya zo ya ce asibiti ya cika har a lungu ake kwantar da mutane, in an kai ta can za ta wuni a kan gadon turawa ba wanda zai dube ta. Ya ce, "Ƙasa. Yanzu." Bai dube ni ba.

Na ce, "An gyara ɗakin."

Kujerar Lucinda tana ɗakin ajiya, ta kara ce, da sanduna biyu. Tounin ya kama gaba, Dakta ya kama baya, ni ina riƙe da kanta. Muka bi babbar matakala. Ko sau ɗaya kujerar ba ta jijjiga ba.

"To," in ji Tounin yana haki, "tsohon nan ya yi abu ɗaya daidai."

Muka shige da ita ta 'yar ƙofar da ke bayan zaure. Tana kwance yanzu, an sa mata ƙarin ruwa, an rataya ledar a ƙusar da hular take. Hular na sa ta a aljihun rigata, tana nan har yanzu.

Talata, da yamma

Barci take yi. Numfashinta ya daidaita. Tounin ya kawo ƙanƙara daga wurin masu kifi, bai yi wasa ko ɗaya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Laraba, 13 ga Agusta, da rana

Ta farka. Ta daɗe tana kallon rufi, da 'yar tagar, da bangon dutse.

"Ina ne nan?"

"Ƙasa, Madam."

"Gadon wa?"

"Namu."

Ta rufe ido. "Bai kamata ba, Fortunée."

"An riga an yi."

Na kai mata kofi baki, ta juya fuska bango. Na dafa miyar wake da ɗaɗɗoya, wadda take so, na bar ta ta huce. Ko kallo ba ta yi ba. Dakta ya ce jijiyoyinta sun yi siriri, ba zai iya ta huda ta kullum ba. Ruwan leda na kwana biyu ne ko uku. Bayan nan sai ta sha da bakinta, in ba haka ba wahalar da muka sha a matakala ta tashi a banza.

Alhamis

Ba ta sha ba. Ba ta yi magana ba. Na zauna kusa da ita ina ɓare wake.

Juma'a, 15 ga Agusta, da yamma

Idin Maryamu. Tun safe ƙararrawar coci ke tashi daga tsohon gari. Ban je ba.

Da hantsi Dakta ya zo ya cire allurar, ya ce wurin ya kumbura. Ya yafito Tounin da hannu suka fita. Ba su so su yi magana a lungu kada ta ji, sai suka hau sama, suka shiga falo, suka rufe ƙofa. Da na san can za su da na hana su.

A bangon ɗakinmu, sama da kan gado, akwai wata 'yar raga ta ƙarfe. Tanderun ɗumama gida yana ɗakin da ke maƙwabtaka da mu, kuma daga nan bututu ya bi cikin bango ya kai iska mai ɗumi falo. An daina hura tanderun tun kafin a haife ni, amma bututun yana nan. Iska yake kaiwa sama. Abin da yake kawowa ƙasa, Mista Wray bai taɓa sani ba.

Muryar Dakta ta fito ta ragar, tar, kamar yana zaune a bakin gado.

"Jikinta zai iya, Tounin. Zuciyarta ta fi tawa ƙarfi. Ita ce ba ta so."

"To a ɗura mata mana, kamar agwagwa."

"Ba a ɗura wa mutum rai."

Sai Tounin ya ce, "Matar yayana fa? A gadon nan ta rasa ɗaya. In aka sake, ba na jin za ta tashi."

Na sunkuyar da kai kan waken. Madam ta juyo a hankali daga bango. Ta kalli ragar, ta kalle ni.

"Haka ake ji?"

"Daga falo kawai."

"Kullum?"

"Kullum, Madam."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka gina."

Na ga tana lissafi. Shekara ɗari da ɗoriya na faɗan miji da mata, da kuka, da gulmar baƙi, duk suna gangarowa kan wannan matashi. Wayar gidan kuma a falo take.

"Wayar Afrilu," ta ce.

"Na shigo ɗaukar wani abu. Rana ɗaya ke nan da na buɗe ɗakin tun Fabrairu. Ina tsaye a nan."

"Kin ji duka."

"Naki ɓangaren. Ya isa."

"Wa kika faɗa wa?"

"Haba, Madam."

"Wata huɗu kina kawo mini shayi, kina goge hoton nan kina mayar da shi. Kuma ba ki ce komai ba."

"Ba ki buga ba."

Wani sauti ya fito mata, ban san ko dariya ba ce ko kuka, ina jin ita ma ba ta sani ba. Ta ce ita duk zatonta babu mai rai a ƙasar nan da ya sani, kuma ta ƙudura gara ta tafi da shi da ta ga ranar da zan sani in dube ta. Na ce to ga shi tun Afrilu nake dubanta, me ta gani ya canza? Ta ce shayin ya ƙara muni. Na ce wannan kuma tsufa ne.

A sama muka ji sun buɗe ƙofa suna saukowa. Na fita na tare su a lungu na ce su je kicin su zauna, kada wanda ya shigo. Tounin ya buɗe baki, na ce, "Kai kuma, daga yau in za ka yi gulmata ka fita lambu." Ya tsaya yana zare ido.

Na koma na rufe ƙofa. Ta matsa ta bar mini gefen gado, gefen da nake kwana. Na zauna.

Ta faɗa mini duka, daga farko, kamar ban sani ba. Ta kama sunansa. Da farko da ƙyar ya fito, daga baya ta yi ta kamawa. Akwai abin da ban sani ba ma, wanda aka faɗa daga can ɗaya bakin wayar, kuma ya fi abin da na zata nauyi. Na bar ta ta faɗa, ban ce ya yi daidai ba, ban ce bai yi ba. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Da ta gama muryarta ta dushe, ba ta fita. Ta yi ƙoƙarin ƙara wata magana, ta kasa. Ta ɗaga hannu tana laluben bango, wajen da igiya take a ɗakinta na sama. Babu igiya a nan.

"Fortunée," ta ce, da ƙyar. "Ruwa."

Na riƙe mata kofin. Ta shanye, ya zubo mata a haɓa, ta sa bayan hannu ta goge. Ta miƙo mini kofin ta ce in ƙaro.